Ɗan Kunnen Lami

Talata, uku ga Azumi, 1975, da hantsi

Bismillahi. To, Safara'u, na danna jan maɓallin da na kusa da shi kamar yadda kika nuna mini, ga kaset ɗin yana juyawa. In rakodar nan ba ta ɗauka ba, ba laifina ba ne.

Kin ce in fara da sunana saboda malamanku. Kaltume sunana. Mutuniyar ƙasar Katsina ce ni, can arewa, inda in ka ɗan ƙara gaba ka faɗa Faranshi. Shekaruna ban sani ba, uwata dai ta ce ina goye aka yi yunwar Kakalaba.

Nan gonar Alhaji Datti ce, bayan Kawo, in ka sauka daga titin Zariya. Babban ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na Unguwar Dosa. Ya je kwas ƙasar Turawa ya ga ana tatsar tumaki, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don mu mun sha nonon tunkiya shekarun da saniya ta gagara. Ni ke tatsa. Garba mai gadi, wani Bahaɗeje mai bakin tsiya, shi ke kiwo da yankan ciyawa. Ke kuma makarantarku ta noma ta turo ki ki yi damina da mu ki koyi aiki. Kin koya ko ba ki koya ba, malamai su zo su tambaye ni.

Kin ce in ba da labarin da, yadda ake kiwo a garinmu. Zan bayar. Amma bari in fara sa maganar Lami a ciki, ko don ta zauna wani wuri.

Lami tunkiyata ce. Ba ta Alhaji ba ce. Da ita na zo Kaduna shekarar fari, tana 'yar mitsitsiya, na rungume ta a saman lodin buhuna har tasha. Ranar da Alhaji ya ɗauke ni aiki ya ce, “Iya, sa ta cikin nawa, ta ci abin da suke ci. In ta haihu naki ne.” Daga ni sai shi sai Allah a wurin, Garba bai zo ba tukuna.

Sai ga ki da abin nan naki mai kama da almakashi, kina bin tumaki kina huda musu kunne kina maƙala jan roba mai lamba. Ran Talata ce, na tafi kasuwar Kawo sayen kanwa. Ina dawowa na tarar da Lami da ɗan kunne kamar amarya. Kika taro ni da gudu, “Iya, na gama duka, ko ɗaya ban tsallake ba!” Ga ki baƙuwa, ko sati ba ki yi ba, hannunki duk jini kina dariya. Me zan ce? Na ce sannu da aiki. A raina na ce ai Alhaji ya sani.

Ga shi yanzu mutanen nan masu Landiroba sun zo sun ce duk dabbar da ke da ja a kunne dukiyar Alhaji ce, kada ko ɗaya ta fita sai an gama bincike. Binciken me, ba su faɗa ba. Alhaji kuma rabonmu da shi tun kafin a ga wata. Sai ranar na buɗe baki na gaya miki, kika zauna kan bokitin tatsa kina kuka, kika ce gobe za ki shiga gari ki karɓo bakinsa, kwana biyu ki dawo. Shekaranjiya ke nan.

Laraba, bayan shan ruwa

Na dama kunu na mutum biyu. Garba ya shanye naki, ya ce ai Bakatsiniya ba ta iya awo ba tun fil azal.

Juma'a, shida ga Azumi, da hantsi

Direban Alhaji bai zo ɗaukar madara ba, yau ma. Da kullum kafin rana ta ɗaga ya zo ya kai wa Kwaran nan, Balarabe mai kanti, da ke yin cuku da ita. Amma tunkiya ba ta san direba bai zo ba, dole a tatse ta, in ba haka ba hantsa ta kumbura ta yi ciwo. Na tatse su duka ni kaɗai. Yadda kike so na yi, kada ki ce: na ɗuma ruwa na wanke hantsar kowacce, na tace da farin ƙyalle. Bayana kamar an sa mini dutsen niƙa.

Na zuba a ƙorai ya kwana ya zama kindirmo, na ba Garba ya kai masallacin bakin titi sadaka. Ya dawo da rabi. Wai mutane sun ce nonon tunkiya ƙarni. Na ce mutanen birni ne, ba su taɓa ganin rijiya ta ƙafe ba.

Labarin da. A garinmu in an haifi 'ya mace, ubanta kan ba ta tunkiya ran suna. Ba a yanka ta, ba a sayarwa sai da dalili babba. Ta haihu, 'ya'yan su haihu, yarinya na girma garkenta na girma, ranar da za a kai ta ɗaki a kora mata su a bayanta. Kakar kakar Lami malam, mijina, ya ba Balki, 'yata. Uda ce, gaba baƙi baya fari, kamar an tsoma ta a rini an fasa. Duk jinin haka suke fitowa. Ranar da aka kai Balki, tumakinta sun cika lungu, har dangin miji na cewa

A'a. Bar wannan, wata rana.

Asabar, da la'asar

Ba ki zo ba.

Litinin, tara ga Azumi, da azahar

Rediyon Garba ya ishe ni. Kullum in an gama labarai sai a shiga karanta sunaye, wane an sallame shi daga aiki nan take, wane an sallame shi nan take. Tun da aka yi canjin gwamnatin nan abin da ake ke nan. Shi kuma ya manna kunne kamar ana rabon gado.

Yau ya zo ya tsaya a bakin garke ina tatsa, bai yi tsiyar da ya saba ba. Ya ce, “Tsohuwa, yarinyar nan taki, wa ye sunan babanta?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Ba Isma'ila ba?”

Na ce, “Isma'ila nawa ne a duniya? Matsa ka tare mini haske.”

Ya matsa. Na ga ya je ya kashe rediyon ya rataye a bishiyar mangwaro, bai sake kunnawa ba har magariba.

Talata, da sassafe

Kin bar takalmanki na ruwa a bakin ƙofa. Kullum sai na yi tuntuɓe da su in zan fita alwala. Ban ɗauke ba.

Alhamis, sha biyu ga Azumi, da hantsi

An kwana ana ruwa, garke ya zama taɓo. Biyu na ɗingishi, kofato ya fara ruɓewa. Na fere musu, na wanke da shuɗin maganin nan da kika bari a kwalba. Ban san awonsa ba, na dai zuba har ruwan ya yi kalar da yake yi in ke kika haɗa.

Dusa ta kusa ƙarewa, ba mai kawo wata. Na rage wa kowa, ban rage wa Lami ba. Cikinta ya sauko sosai, hantsa ta fara cika. Bara ta yi ɓari, ba ta taɓa ba ni ɗa mai rai ba. Wannan karon ina sa rai. In na zauna kan turmi sai ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwata, jan abin nan yana reto a gefen idonta. Ba ya damunta. Ni yake damu.

Kin tuna ranar farko da kika zauna tatsa? Kika zauna a gefe kamar mai tatsar saniya, na ce ta baya ake yi wa tunkiya. Kika koma baya, ta sako miki kashi cikin bokiti. Garba har da faɗuwa. Kika ce, “Iya, wannan ba ya cikin littafi.” Ni kaɗai ɗazu ina tatsa na tuna, na yi dariya, tumaki suka juyo suna kallona.

Juma'a, bayan shan ruwa

Dabino ɗaya, ruwa, sallah. Ban dama komai ba.

Lahadi, sha biyar ga Azumi, da la'asar

Wani ya zo yau, Maliki, dillalin dabbobi daga zango. Babbar riga, carbi a hannu, yana tafe yana latsa bayan tumaki yana buɗe musu baki. Ya ce an sayar masa da garken duka, kafin Sallah zai turo mota. Wa ya sayar, ƙanin Alhaji ne ko masu Landiroba, ya faɗa amma ban gane ba.

Wannan karon ban yi shiru ba, Safara'u, ki shaida. Na ce, “Malam, waccan mai cikin tawa ce.”

Ya ce, “Wacce, Iya?” Na nuna. Ya kama kunnenta ya juya. “Ga ja kuwa.”

Na ce kuskure aka yi. Na ba shi labari tun daga lodin buhuna. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, har da girgiza kai. Ya ce, “Iya, wallahi ban ƙaryata ki ba. Amma ni jan kunne na saya, kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai masu ido a kaina. In na bar ɗaya za a ce na haɗa baki da mutanen Alhaji an ɓoye dukiya. Kin san zamanin da ake ciki. Kawo mini bakin Alhaji, ko a takarda ko ya aiko mutum, in bar miki ita har da igiya.”

Da ya tafi Garba ya ce, “Ni zan shaida.” Na ce ka shaida me, kana Haɗeja kana cin kifi lokacin? Ya ce to ai shaidar alheri ce. Na ce da azumi a bakinka.

Litinin, da hantsi

In kina jin nauyi ne saboda ɗan kunnen nan, ki daina. Ni ce ban yi magana ba. Ki zo kawai.

Laraba, sha takwas ga Azumi, bayan shan ruwa

Na je Unguwar Dosa.

Ƙafafuna a ruwan ɗumi suke yanzu da nake miki magana. Na tatsa da wuri, na ɗaura zanen nan mai ganye, na kama hanya. Ban taɓa zuwa ba. Ina tambaya, gidan Alhaji Datti, ba wanda ya sani, sai da na ce mai tumaki, sai kowa ya nuna. Wata mai tallan ƙosai ta ce, “Gidan da aka daina zuwa?”

Garba ya sha ba ni labarin ƙofar gidan nan, wai motoci har bakin kwata. Ban ga ko keke ba. Na yi sallama na yi sallama, sai ga Hajiya Sa'adiya, matarsa, da kanta. Sau biyu na taɓa ganinta a gona, mace mai jiki, hannu duk awarwaro. Da ƙyar na gane ta. Ta ce, “Iya, ke ce da ranar nan, da azumi? Shigo, shigo.”

Yana falo. Ba kan kujera ba, a ƙasa, ya jingina da bango, daga shi sai jallabiya, gemu ya fito fari fat. Ga rediyo babba a gefensa an lulluɓe da zane. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, barka da war haka. Kaltume ce, ta gona.”

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sai ya ce, “Na gaya muku duk abin da na sani.”

Na ce, “Alhaji, ni ce, Iya mai tatsa.”

Ya ce, “Duk na faɗa. Ku duba fayil.”

Hajiya ta kama ni ta fitar da ni tsakar gida. Ta ce, “Don girman Allah, Iya, kada ki ambaci gona a gabansa. In ya ji sai ya kwana bai runtsa ba.” Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, “Me ke tafe da ke? Ko wani abu ne?”

Ga maganar a bakina, Safara'u. Tun daga Kawo nake jera ta. Na dubi matar nan, wuyan hannunta wayam, tukunya ɗaya kan murhu a gidan da ake ciyar da unguwa. Mace na riƙe da mijinta a haka, in ce mata tunkiya?

Na ce gaisuwa na zo.

Ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa, ta ce in yi ɗinkin Sallah. Na ƙi, ta rantse. Da za ta raka ni na ce, “Yarinyar nan 'yar makaranta ta zo nan kuwa?” Ta ce kin zo, kin yini a tsakar gida, bai fito ba. Na ce to ina kika yi? Ta dubi ƙasa ta ce, “Su ma Allah ya kawo musu sauƙi. An sallami babanta daga aiki, an karɓi gidansu, sun tashi.” Ina, ba ta sani ba.

Na dawo. Atamfar na nan kan gadonki.

Alhamis

Ban iya tashi da wuri ba. Garba ya tatsa, rabi a bokiti rabi a ƙasa.

Asabar, ashirin da ɗaya ga Azumi, da azahar

Garba ya zo da wuƙarsa yana wasa ta a dutse, a gabana, don in tambaya. Ban tambaya ba. Ya gaji ya ce, “Tsohuwa, abu kaɗan ne. In ɗan tsaga kunnen, robar ta faɗi, mu jefa a rafi. In Maliki ya zo mu ce waccan ta mutu mun binne, wannan kuwa wata ce, ƙaya ta yage mata kunne. Ko in kai ta rugar Fulani bayan Katabu ta kwana biyu.”

Na ce, “Mutumin da na nuna wa ita da yatsana?”

Ya ce, “Shi ma so yake a ba shi hanya. Ba ki ga idonsa ba?”

Na ce, “Sai in saci abina, Garba? In yi ƙarya a kan jinin tunkiyar da aka ba 'yata ran suna, in ɓoye ta a daji kamar kayan sata, a goman ƙarshe?”

Ya ce, “To zauna, Bakatsiniya, girman kai ya kashe ki. Gaskiyar taki za ta ba ki madara?”

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi, amma ya bar wuƙar kan turmi. Da gangan, na sani.

Lahadi, da la'asar

Na ɗauka. Na kama kunnen, ta tsaya shiru, ta saba da hannuna. Robar ta riga ta zauna, nama ya warke a jikinta lafiya lau, aikinki ya yi kyau. Na daɗe a tsugune.

Na mayar masa da wuƙarsa. Ya karɓa ya mayar kube.

Talata, ashirin da huɗu ga Azumi, da hantsi

Ta haihu! Safara'u, Lami ta haihu! Ina idar da sallar asuba na ji nishinta. Mace, guda ɗaya, gaba baƙi baya fari, sak. Ƙafa ɗaya ta maƙale, na shafa man gyaɗa na sa hannu na gyara, sai ga ta sulɓ a kan ciyawa. Lami ta hau lasa tana wannan gunjin na ƙasa-ƙasa da suke yi. Kafin rana ta fito 'yar ta miƙe, ta faɗi, ta miƙe, ta laluba ta kama nono. Ta sha dakashi, nonon farkon nan mai kauri, har cikinta ya yi tim.

Garba ya ce, “Barka, kaka.” Na ce Allah ya raya. Ya kawo mini goro, na ajiye sai an sha ruwa.

Da kina nan da kin kawo ma'aunin nan naki kin rataye ta a zane kin rubuta. Na ɗaga ta da hannu dai. Tana da nauyi.

Laraba, da azahar

Ina ta kallonsu, aiki ya tsaya. Balki ma haka ta

Kaset ɗin ya kusa cika, Garba ya ce saura ɗaya.

Juma'a, ashirin da bakwai ga Azumi, bayan masallaci

Maliki ya aiko. Gobe.

Asabar, da la'asar

Sun tafi.

Asabar ɗin dai, bayan shan ruwa

Bari in faɗa miki yadda aka yi, tun da ke kika ce kome in faɗa.

Da hantsi motar ta zo, babba mai katako. Maliki ya sauko ya gaishe ni, ya ce, “Iya, an samu bakin Alhaji?” Na ce ba a samu ba. Ya ce, “Kin je?” Na ce na je. Bai ƙara tambaya ba, ina jin ya san abin da na gani.

Suka kafa katako suka fara kora. Garba ya ƙi taimakawa, ya zauna gindin mangwaro ya juya baya. Aka zo kan Lami, 'yar na manne da ita. Maliki ya duƙa ya duba kunnen 'yar, wannan da wancan. Ya ce, “Wannan ba ja. Ban saye ta ba, ba ruwana da ita.” Sannan ya rage murya. “Amma Iya, kwananta nawa? In kin ga dama ki bar ta ta bi uwar, ba zan hana ba. In kin riƙe, kin san sai Allah.”

Na ce, “Ina za a kai su?”

Ya ce kudu. Bai ce wurin wa ba, ni ma ban tambaya ba. Ana jibi Sallah, mota cike, kwana a hanya. Wa zai duba 'yar kwana huɗu a ƙarƙashin ƙafafu?

Amma raba ɗa da uwa, Safara'u. Na tsaya, mutane na jira, direba na danna ham. Na taɓa riƙe jariri ba uwa, na Balki, shekarar fari. Na san yadda abin yake tafiya, kwana ɗaya, kwana biyu. To.

Na sunkuya na ɗauke ta.

Na ce, “Malam, ka ba ni dama in tatsi uwar.” Direba ya fara magana, Maliki ya ɗaga masa hannu. Na kawo ƙwarya, na ɗuma ruwa, na wanke mata hantsa, ban yi gaggawa ba. Na tsuguna a bayanta na tatse ta tas, har ba abin da ke fitowa. Ta tsaya mini kamar kullum.

Mutum biyu suka ɗaga ta. Tana sama tana kira, 'yar na hannuna tana amsawa. Har motar ta hau titi ina jin muryarta cikin na sauran, don na san tata.

Maliki ya dawo da baya zai sa mini wani abu a hannu, na ce ya riƙe.

Lahadi, jajibere, da hantsi

Na tashi da asuba na ɗora ruwan wanke hantsa. Sai da ya yi ɗumi na tuna.

Nonon uwar na ba 'yar da tsumma, ina tsomawa tana tsotsa. Ya ƙare ɗazu. Garba ya tafi ruga da kwalba ya nemo na saniya ko na akuya. Ya ce jibi zai tafi Haɗeja, ba abin da zai yi gadi. Ya ce in zo mu tafi, matarsa na da ɗaki, “ko da yake Bakatsiniya a gida fitina ce.” Na ce in na tafi, in yarinyar nan ta zo wa za ta tarar?

Lahadi, da la'asar

Ta ƙi na saniya. Tana kau da kai, tana zagaya garke tana shinshina inda uwar ke kwanciya. Kukan ya fara dushewa.

Litinin, ranar Sallah, da hantsi

Barka da Sallah, 'yar nan, duk inda kike. Allah ya maimaita mana. Ki gai da babanki, ki ce Iya mai tatsa na yi masa addu'a.

Ban je Idi ba. Daga nan ina jin kabbara daga wajen Kawo, mutane na wucewa a titi da sababbin kaya. Garba ya tafi da hularsa ta aro. Garke shiru, sai ƙuda.

Abin nan yana juyawa a hankali yau, batir ne ina ji, bari in yi sauri.

Da safe na sami 'yar Lami kwance, kunnuwa sun yi sanyi. Na sa ta cikin zanena, jikinta a jikina, na zauna a rana. Na ɗuma nonon, na ɗan ƙara ruwa, na bar tsumman, na tsoma yatsana na sa mata a baki. Ta tura da harshe. Na sake. Na ce mata, ke, ni ma ba wanda nake so ne ya rage mini ba, haka za mu yi haƙuri da juna. Na sake tsomawa.

Ta kama, Safara'u. Ba da ƙarfi ba, amma ta kama. Na sauke yatsan a hankali cikin ƙwarya, ta bi shi, ga ta tana ja. Ban sani ba ko za ta kai gobe, ba zan yi miki alkawari ba. Yanzu dai wutsiyarta na kaɗawa.

Tsaya in matso da ita kusa da abin. Yi shiru ki saurara.

Kin ji?